Dokin Mai Baki Ya Fi Gudu: A Daina Auna Ƙarfin Hausawa a Age of Empires da Mudun Kishi



Makalar wannan mako ta faɗa ce, kuma na san da waɗanda nake yi. Tun da matasanmu suka fara rubutu da Hausa a kan wasannin kwamfuta, abin da ya kamata kowa ya yi maraba da shi, wasu maganganu biyu suka zama ruwan dare. Wannan ya ce Hausawa ne suka fi kowace al'umma ƙarfi a Age of Empires III, duk wanda ya musa maƙiyi ne. Wancan ya ce a'a, Turawa sun raina mu, da gangan suka raunana Hausawa. Sai a kwana ana musu, kowa na zuba alamar wuta da ta dariya, babu wanda ya faɗi a wane fili aka kara, da wa aka kara, a hannun wa, kuma a wace shekara. Masu maganar biyu duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Sun yanke hukunci ba su auna komai ba, kuma marubucin da ya saba da haka a kan wasa, haka zai yi ranar da aka ba shi littafi ya yi masa sharhi.

Ga wanda bai san wasan ba, na dabarun yaƙi ne. Kana farawa da gari guda da 'yan ma'aikata kaɗan, ka tara abinci da itace da kuɗi, ka yi gine-gine, ka haɗa runduna, ka rusa abokin karawarka kafin ya rusa ka. Kafin a fara, kowa zai zaɓi al'ummar da zai riƙe, Turawan Ingila ko Faransawa ko Turkawan Usmaniyya da sauransu, kuma kowace tana da abin da aka ba ta da abin da aka hana ta. A watan Agustan 2021 aka fitar da wani ƙari mai suna The African Royals, wanda ya shigo da Habashawa da Hausawa. An ba Hausawa Kano a matsayin babban birni, an sa Sarauniya Amina jagora. An ba su barade masu lifidi, waɗanda ke jure sara da harbi amma bugunsu bai kai jimirinsu ba. An ba su 'yan baka Fulani, da maroƙa masu kiɗa da ke ƙara wa gine-gine saurin aiki, da wasu dakaru masu bindiga da aka kira Maigadi. Sannan akwai wata dukiya ta huɗu da al'ummomin Turai ba su da ita, wato tasiri, wanda da shi ake ɗauko sojojin haya da igwa daga fada. Shanu suna kawo shi, jami'a ma tana kawo shi, musamman idan an gina ta kusa da tsakiyar gari ko fada ko zangon fatauci. Akwai kuma kasuwar dabbobi inda za ka sayar da saniya ka karɓi itace ko kuɗi nan take.

Wannan duka lissafin kaya ne, kuma a nan mafi yawan rubuce-rubucenmu suke tsayawa. A jero sojoji, a jero gine-gine, a rufe da cewa saboda haka sun fi kowa. Wanda ya jero maka kayan miya bai ba ka labarin ɗanɗanon miyar ba. Kafin a ce al'umma tana da ƙarfi akwai tambayoyin da dole a amsa, kuma zan ɗauko misalan daga yayan wannan wasa, Age of Empires II, wanda ya fito tun 1999, domin an daɗe ana buga shi har ƙura ta lafa.

Tambaya ta farko: a hannun wa? A Age of Empires II, galibin al'ummomi suna farawa da ma'aikata 3 da abinci 200. Sinawa kuwa suna farawa da ma'aikata 6, amma an zare musu abinci 200 da itace 50, wato rumbu wayam. Kowane sabon ma'aikaci yana cin abinci 50. Idan ƙwararre ne ya riƙe su, cikin daƙiƙun farko zai kora tumaki, ya yanka, ya sa a riƙa sauke nama kaɗan-kaɗan domin kada garin ya daɗe bai fitar da mutum ba, sai ya tsere wa abokin karawarsa da yawan ma'aikata tun daga farko. Idan ɗan koyo ne, garin zai zauna shiru yana jiran abinci, ribar ta zube, ya ma koma baya. Shi ya sa aka daɗe ana ganin manyan 'yan wasa suna daraja Sinawa a gasa, alhali a hannun gama-garin mutane suna shan kashi. Dubi kuma Farankawa, kakannin Faransawa. Dawakansu sun fi na saura jure rauni, inganta gona kyauta ne a wurinsu, dabararsu kuma ɗaya ce miƙaƙƙiya: tara barade, ka afka. Ɗan koyo yana jin daɗinsu domin ba sa neman hannu mai sauri. To wace ce ta fi ƙarfi, Sin ko Faranka? Tambayar ba ta da amsa sai an faɗi wanda ke riƙe da linzami. Hausawan Age of Empires III sun fi kama da Sinawa ta wannan fuska, domin mai riƙe su yana lura da dukiya huɗu, yana lissafin lokacin sayar da shanu, yana tunanin inda zai kafa jami'a. Wanda ya buga sau uku ya sha kaye ya fito yana cewa an raunana su, labarin hannunsa ya ba mu.

Tambaya ta biyu: a wane fili? Kifi a ruwa sarki ne. Akwai taswirar da ake kira Arabia, buɗaɗɗen fili ba katanga, inda ake fara kai hari tun da wuri. Akwai Arena, inda kowa ke farawa cikin ganuwa, a samu sararin tara dukiya kafin a gwabza. Turkawa a Age of Empires II suna haƙar zinariya da sauri, suna da 'yan bindiga masu zafi, don haka a Arena abin tsoro ne su. Amma an hana su inganta 'yan mashi da masu jifa, wato sojoji masu arha da ba sa cin zinariya, saboda haka idan aka matsa musu a buɗaɗɗen fili, ko zinariya ta ƙare, sai ka ga sun rasa abin tare doki mai rahusa. Al'umma ɗaya ce, lambobinta ba su canza ba, fili ne ya canza. Haka Hausawa: taswirar da ke da hanyar fatake da zangunanta daban take a wurinsu da wadda ba ta da ita, tunda zangon yana cikin abubuwan da ke ciyar da tasirinsu. Marubucin da ya ce sun fi kowa bai ambaci taswira ba kamar mai cewa kwalekwale ya fi raƙumi ne, bai faɗi ko Yawuri za a je ko Agadas ba.

Tambaya ta uku: da wa, kuma a wane lokaci na wasan? An gina waɗannan wasanni a kan cewa kowane gwani da gwaninsa. Mashi yana kashe doki, doki yana tattake ɗan baka, ɗan baka yana harbe mai mashi kafin ya iso. Farankawan da ke murƙushe al'ummar da ba ta da maganin barade, su ne ke shan wuya idan suka haɗu da masu raƙuma nagari, domin an yi raƙumi a wasan ne don ya ci doki. Sannan akwai al'ummar da ke da zafi a minti goma na farko ta huce daga baya, akwai wadda sai an yi rabin sa'a take tashi. Idan wasa tsakanin mutum biyu ne, mai jinkirin tashi yana iya mutuwa kafin ya miƙe. Idan na ƙungiya ne, huɗu da huɗu, abokansa za su tare masa har ya kai ga ƙarfinsa. Duk hukuncin da bai bambance waɗannan ba, hukuncin zaman shayi ne.

Tambaya ta huɗu: a wace shekara? Masu kula da wasan sun sha sabunta shi, su rage wa wannan soja ƙarfi, su ƙara wa wancan tsada. Bidiyon YouTube da aka ɗora a makon da Hausawa suka fito a 2021 yana magana ne a kan wasan wancan mako, lokacin da abokan karawa ba su ma san me maroƙi ke yi ba balle su san maganinsa. Ɗauko shi yau a fassara a manna mana a matsayin sabon nazari yaudarar mai karatu ce. Kuma ko ba a taɓa lamba ɗaya ba, ƙarfi yana sauyawa, domin mutane suna gano sababbin dabaru. Babban misali yana Koriya ta Kudu, a wasan StarCraft na kamfanin Blizzard, wanda ya fito a 1998 da ɓangarori uku: Terran da Zerg da Protoss. Tun gyaran 2001 ba a sake taɓa ma'aunin ƙarfinsu ba. Shekaru ana ganin Protoss yana wahala a hannun Zerg, musamman a zamanin Ma Jae-yoon, wanda aka fi sani da sAviOr. Ranar 3 ga Maris 2007, a wasan ƙarshe na gasar MSL, wani matashi mai suna Kim Taek-yong, wato Bisu, ya riƙe Protoss ya doke shi 3 da 0. Ya yi amfani da jiragen da ke kakkaɓo halittun da Zerg ke gani da su, sannan ya shigo da mayaƙan da ido ba ya gani suka yi ɓarna. Kayan nan suna cikin wasan tun fitowar Brood War, kowa na kallonsu. Daga ranar aka sake lissafin karawar Protoss da Zerg. Da a ce wani ya rubuta a 2006 cewa kamfani ya zalunci Protoss, da wane ido zai kalli rubutunsa bayan shekara guda?

Na san abin da wasu za su ce: to ai akwai alƙaluma, akwai shafukan da ke tattara dubban wasanni su nuna kason nasarar kowace al'umma. Gaskiya ne, kuma wanda ya kawo alƙaluma ya fi wanda ya kawo ihu. Amma alƙaluma ma sai an san yadda aka haife su. Waɗannan wasanni suna haɗa mutum da sa'ansa ne ta hanyar maki irin na Elo, tsarin da Arpad Elo ya ƙirƙiro don wasan dara na Turawa, wanda hukumar wasan ta duniya ta karɓa a 1970. Idan ka ci, makinka ya hau, a haɗa ka da wanda ya fi na baya. Ka ɗauka mutum ba ya riƙe kowa sai Hausawa, kuma a ce Hausawan sun fi ƙarfi da gaske. Makinsa zai yi ta hawa har ya kai inda yake cin rabi yana faɗuwa rabi. A takarda sai ka ga kashi 50 cikin 100, ƙarfin ya ɓuya a cikin makin. Ƙari a kan haka, Hausawa suna cikin ƙarin da ake saya da kuɗi, don haka masu riƙe su ba samfurin dukkan 'yan wasa ba ne. Shi kuwa mai cewa na buga goma na ci bakwai, ya sani cewa ko kwabo ka jefa sama sau goma, damar ya faɗi ta fuska guda da ka zaɓa sau bakwai ko fiye ta kai kusan ɗaya cikin shida. Wasa goma ba hujja ba ne, labari ne.

Yanzu ga inda ciwon yake. Abin da ke sa muhawarar nan zafi a wurinmu ba lissafi ba ne. Sunan ne. Da al'ummar sunanta Sweden, babu wanda zai ɓata dare a kanta. Amma an ce Hausa, an ce Kano, an ce Amina, sai kowa ya ji kamar darajar kakanninsa aka ɗora a sikeli. Ina roƙon 'yan uwa mu raba abu biyu. Ƙarfin barde mai lifidi a cikin wasa lamba ce da wani ma'aikaci ya rubuta, zai kuma iya sauya ta gobe idan ya ga tana ɓata daidaito. Burinsa shi ne kowace al'umma ta iya ci ta iya faɗuwa, domin wasan da ɓangare ɗaya ke cinye kowa ba ya daɗewa a kasuwa. Ba tarihi yake auna wa ba. Hujja kuwa tana gaban kowa: Amina ta Zazzau ce, amma wasan ya zaunar da ita a kan al'ummar da birninta Kano ne, ya haɗa ta da 'yan baka Fulani da igwa a runduna guda. Wannan haɗin gambiza ne irin na wasa, kuma haka aka yi wa kowa, har Turawan. Idan an sa Hausawa a saman jeri, Bagauda bai ƙaru da komai ba. Idan an sa su a ƙasa, ganuwar Kano ba ta rage tsawo ba.

Wani zai ce kishi ai ba laifi ba ne, mun daɗe ba a ganin mu a irin waɗannan wurare, yau an sa mu, me zai hana mu yi murna? A yi murna mana. Ni ma ina ganin abin farin ciki ne yaro a Brazil ko Poland ya san kalmar lifidi. Amma idan kishin ne da gaske, ga aikin da yake nema: a zauna a duba abin da suka faɗa a kanmu, a gwada da abin da muka sani. Yaya lifidi na ainihi yake, wanda ake ɗinkawa a cusa masa auduga ko rimi a sa wa doki da mahayinsa, kuma me ya sa ya yi amfani a gaban kibiya? Me ya sa masu wasan suka zaɓi shanu da fatauci da ilimi a matsayin ginshiƙan Hausawa, kuma sun dace ko sun yi kuskure? Ƙawancen da wasan ya ba Hausawa da Songhai da Maroko da Akan da Yarabawa, wanne ne ke da tushe a hanyoyin fataucin goro da gishiri, wanne ne aka ƙaga don daɗin wasa? Wannan rubutu ne da babu wanda zai iya yin sa kamar mu, domin Baturen da ke jera darajoji a YouTube bai san Kurmi ba, bai san hanyar Gwanja ba. Mun bar wannan fili babu kowa, mun tafi muna rigima a kan abin da shi ya fi mu kayan aunawa.

Wani kuma zai ce duk wannan surutu a kan wasan yara? Amsata ita ce alƙalami ba ya sanin ƙaramin batu da babba, hali ɗaya yake ɗauka. Wanda ya saba rubuta "ya fi kowa" ba tare da ya ce a ina, da wa, yaushe ba, shi ne gobe zai rubuta cewa marubuciya wance ta fi duk marubutan Arewa, ko littafin wane bai yi ba, ba tare da ya nuna shafi ɗaya ba. Mun ga irin wannan sharhi har mun gaji: yabo idan na gida ne, sara idan na waje ne. Wasan dabaru kuwa makaranta ce mai arha ta koyon hukunci, domin a nan ana iya gwadawa. Idan ka ce barade masu lifidi suna cin kaza, a buɗe wasa a jera su a gani. Sharhin littafi ba ya ba ka wannan damar. Wanda ya kasa yin adalci a inda gaskiya ke da sauƙin bincike, ina zai iya a inda take da wuya?

Su kuma masu kwafo jerin darajoji daga ƙwararrun waje, ban ce ku daina sauraron su ba. Sun buga dubban wasanni, sun san abin da suke faɗa. Amma ku lura, ƙwararren kirki yakan faɗi sharaɗinsa: wannan jeri na mutum biyu ne, a buɗaɗɗiyar taswira, a matakin manya, a sabuntawar wata kaza. Ku ne kuke yanke sharaɗin ku kawo mana kan ba gangar jiki. Kuma mai karatunku, wanda wataƙila a kwamfutar aro yake bugawa da intanet mai yankewa, shawarar da ta dace da mai hannun walƙiya tana iya zama guba a wurinsa. Ku rubuta wa mutumin da ke gabanku.

Saboda haka ga abin da nake nema daga duk wanda zai sake kawo mana rubutu a kan ƙarfin wata al'umma, Hausawa ne ko Habashawa ko Zerg. Ya faɗi wasan da sabuntawar da ya buga. Ya faɗi taswira, da yawan 'yan wasa, da matakin da yake magana a kai. Ya nuna mana dalilin ƙarfin, daga ina dukiyar ke fitowa, a wane minti rundunar ke tsayawa da ƙafarta. Ya faɗi abin da ke karya ta, domin al'ummar da marubuci bai san maganinta ba, bai gama saninta ba. Idan ya kawo adadi, ya faɗi wasa nawa aka ƙirga. In ya yi haka, ko ya ce Hausawa ne na ƙarshe a jeri zan karanta da girmamawa, in kuma ina da ja in kawo tawa hujjar. In bai yi ba, ko ya ɗora su a kan kowa, dokin mai baki ne, kuma mun san ya fi gudu.

Filin sharhi a buɗe yake. Wanda ke ganin Hausawa sun fi ƙarfi, ko an raunana su, bismillah, ya zo da taswirarsa da abokin karawarsa da shekararsa, mu zauna mu auna.